Tulun Irin Albasar Gidan Alhaji

Ya 'yan uwa, kafin in fara sai in faɗa muku gaskiya: tsoro nake ji. Ina tsoron wani ya gane wanda nake nufi ya mai da shi abin dariya a majalisa. Ina kuma tsoron in yi shiru kamar yadda na taɓa yi. Na auna biyun, na ga shirun ya fi muni.

A wani ƙauye tsakanin Wurno da Goronyo an yi wani manomin albasa, ɗan manomin albasa. Mahaifinsa, wanda kowa ke kira Alhaji, yana da wani iri da ya gada. Albasa ce ja mai ƙarfin ɓawo, tana yin watanni a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, ba ta ruɓe ba. Irin albasa kuwa ba ya jure ajiya. In ya wuce shekara, ƙarfinsa ya tafi. Shi ya sa kowace shekara Alhaji kan ware kawuna masu kyau, ya dasa su su yi fure, ya sussuke baƙar ƙwayar ya zuba a tulu.

Dattawan cikinmu ba su manta safiyar rabo ba. In damina ta ja baya, a shimfiɗa tabarma a zaure, a dama fura, Alhaji ya zauna da tulun tsakanin ƙafafunsa yana auna wa kowa da gwangwanin madara. Ba a biyan komai. Ana raha, ana tsokanar wanda lambunsa ya fi ciyawa. Da ajali ya matso, ya ce wa ɗansa, "Gona taka ta, yi yadda ka ga dama. Amma tulun ga na jama'a na."

Shekara huɗu ɗan ya riƙe amana.

Wata ranar kasuwa, bayan ya sayar da albasa, wani abokin ciniki ya nuna masa yadda ake zuba kuɗi a kan wasan ƙwallo ta waya. Ya gwada kaɗan. Ya ci. Ya 'yan uwa, da ya faɗi a ranar nan, da wataƙila ya tsira.

Daga nan lambu ya fara maraici mai shi yana tsaye a ciki. Ruwa ya cika fangali ya fashe, idonsa na kan waya. Akuyar matarsa ta tafi. Injin ban-ruwa ya tafi, ya ce wa mutane lalacewa ya yi. Kullum zuciyarsa na raya masa cewa ci ɗaya tak zai dawo da komai. Ni da nake muku magana na gan shi a bakin lambu yana ta latsa waya, na gane abin da ke faruwa, na gaishe shi na wuce.

Mako biyu kafin rabo, wani baƙon ɗan kasuwa ya taya irin da daraja. Ɗan Alhaji ya juye masa tulun kaf, ya haɗa masa da kawunan da aka ware don baɗi. Kafin la'asar ta washegari caca ta lashe duka. Sai ya shiga kasuwa ya sayo iri mai arha, wanda ba a san shekarunsa ba, ya cika tulun mahaifinsa.

Ranar rabo Malam Atiku, aminin marigayi Alhaji, ya zuba ƙwayar a tafinsa ya shinshina.

"Ɗana, mi ya samu irin ga? Ban ji ƙamshin da na sani ba."

"Baba, sanyin ɗaki na."

"To, Allah shi sa albarka."

Kun san in mutum ya sayo iri a kasuwa, sai ya ɗaure kaɗan a jiƙaƙƙen tsumma ya ga ko zai tsiro. Amma wa ya taɓa gwada irin gidan Alhaji? Kunya ma ba za ta bari ba. Gida talatin da wani abu suka yafa shi da bismillah.

Kwana goma, mako biyu, fangali tsirara. Kafin a farga lokacin dashe ya ƙure, albasar bara kuma kowa ya riga ya kai kasuwa, don sun dogara da tulun.

Malam Atiku ya zo ya yi sallama. Ya ce, "Ba asarata ta kawo ni ba. Ina kawunan da ka ware? Mu dasa, baɗi mu samu."

Ɗan Alhaji ya sunkuyar da kai, ya ce ya sayar da su. Tsoho ya daɗe yana dubansa, sannan ya sa takalmansa ya fita.

Matar ɗan Alhaji ta koma gidansu a Rabah da yara. Gona ta koma hannun wani. Yau yana dakon buhunan albasar mutane a kasuwa, tulun na kife a zaure, irin nan kuwa ya ɓace daga ƙasarmu.

Shin shi kaɗai ya yi caca? Shi kaɗai. Shi kaɗai ya yi asara? Ku tambayi gida talatin. Allah ya haɗa caca da giya ya hana, domin dukansu suna cin hankali kafin su ci dukiya, suna kuma shuka gaba tsakanin maƙwabta. Wanda ta kama ciwo ne ya kama shi, kuma zagi ba ya warkar da ciwo. A zauna da shi a asirce. Wani amintacce ya riƙe masa kuɗin amfanin gona. A goge masa manhajar cacar daga waya, a raka shi wajen malami, a raka shi wajen likita, tun yana sayar da akuya, kafin ya kai ga tulu.

Ni dai na yanke shawara, kuma a gabanku nake faɗa don ku zama shaida. Ranar kasuwa mai zuwa zan je in same shi inda yake dako. Ba zan gaishe shi in wuce ba. Zan zauna, in nemi gafararsa a kan shiruna, in ce ya taso mu tafi neman magani tare.

Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye amanar da iyaye suka bar mana. Amin.