Hambali Maƙeri da Gurasar Saude

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai an faɗi sunansa ba. Hambali ake ce masa. Maƙeri ne, yana ƙera fartanya da lauje da gatari a bakin kasuwa. In damina ta faɗi sai ya rufe maƙera, ya tafi ƙauyensu ya yi noma. Mutum ne marar yawan magana. In ka zauna da shi, kai za ka yi ta zuba, shi nasa "to" da "haka ne".

Matarsa Saude sana'ar gurasa take yi. Tana da tanderu a tsakar gida, kuma Allah ya sa wa hannunta albarka, unguwar duk tata ake ci. To kun san gidan mai gurasa. Karin kumallo gurasa, da rana in ba taliya 'yar murji ba to alkubus, ran Juma'a kuma a soya funkaso.

Sai ciwo ya kama Hambali. Ciki ya kumbura kamar ganga, gudawa ba ta tsayawa, jiki ya yi ta zubewa. Gudumar da ya tashi da ita tun yana yaro ta koma yi masa nauyi, ya buga kaɗan ya zauna yana haki. Amma ga abin mamaki. In ya tafi ƙauye, inda ba a san komai ba sai tuwon dawa da fura da kunun gero, sai ya murmure, kumatu su ciko. In ya dawo gari, kafin wata ya zagayo ciwon ya dawo. Haka bara, haka bana.

A ƙauyen akwai yayarsa, Tabawa. Iyayensu sun rasu da wuri, ita ta goya shi, ita ta yi masa aure. Ku lura da kyau, jama'a, Tabawa ba muguwar mace ba ce. Son ƙanenta ne ya rufe mata ido. Ta duba, ta lissafa a ranta: a hannuna yana warkewa, a hannun waccan yana lalacewa. Sai ta ɗaura ƙullinta ta shigo gari.

Ta same shi a zaure, ta ce, "Hambali, ni ba yarinya ba ce. Sammu ake ba ka a abinci."

Ya ce, "Subhanallahi. Wa zai ba ni, Yaya?"

"Wa ke dafa maka? Ni ce?"

"Yaya, kin gani da idonki?"

"Sai na gani? Dubi wuyanka kamar na zalɓe! Ka sallame ta tun kana da sauran numfashi."

Saude na bayan ƙyaure, ta ji komai. Ta koma gaban tanderu tana share ido da bakin zane. Kuma magana ba ta zama a zaure. Tabawa ta fita da ita, ta bi gida-gida, har matan unguwa suka fara hana 'ya'yansu zuwa sayen gurasa. Saude ta gasa, ta jera a faifai, ta wuni tana kallonta tana sanyi.

Shi kuwa Hambali bai yi faɗa da yayarsa ba, bai kuma saki matarsa ba. Abin da ya iya shi ya yi, wato ya zuba ido, ya kasa kunne. Ya lura in Saude ta tuƙa tuwon masara ya ci, lafiya lau. In ta dafa shinkafa, lafiya lau. Hannun dai ɗaya ne. Ran da ya sayi burodi a wurin mai shayi kuwa, wanda Saude ko ganinsa ba ta yi ba, cikin ya murɗa. Ya faɗa wa Tabawa, ta ce, "Ai in abu ya riga ya zauna a jiki, komai ma tayar da shi yake yi."

Ana nan, wata rana yana zuga wuta, rediyon maƙwabcinsa mai gyaran keke na kunne, sai ya ji ana shirin kiwon lafiya. Wata likita na bayanin wata cuta da ake kira siliyak. Ta ce akwai mutanen da hanjinsu ba ya jituwa da wani sinadari da ke cikin alkama, in sun ci sai hanjin ya ƙuje, abinci ya riƙa wucewa ba ya amfanar jiki. Ta ce ana gane ta da gwajin jini. Hambali ya saki zugazugi. Daga ranar ya bar duk abin da aka yi da fulawa ko alkama, kuma a hankali ƙarfinsa ya fara dawowa.

Kuna tsammani magana ta ƙare? Ina! Tabawa cewa ta yi, "Ka gani ko? Ka bar abin da take kwaɓawa, ka tashi. A cikin kwaɓin take zubawa."

Sai ya ga ba mafita sai asibiti. Ya je, ya bi layi, ya shiga wurin wani likita mai suna Munzali, matashi, ga mutane cike da baranda suna jiransa. Hambali ya gaishe shi, ya zayyana masa ciwonsa, sannan ya ce, "Likita, ko za a gwada ni a kan cutar nan ta alkama?"

Likita ya ɗago kai. "Wa ya gaya maka ita?"

"A rediyo na ji."

"To rediyon bai rubuta maka magani ba?" Ya yi 'yar dariya. "Malam, wannan cutar Turawa ce. Tun da na fara aiki ban taɓa ganin mai ita a nan ba. Olsa ce ke damunka, da tsutsar ciki. Ga magani, ka rage yaji."

Hambali ya ce, "To. Na gode." Ya karɓi maganin, ya sha shi yadda aka ce har ya ƙare. Sannan ya koma, ya sake bin layi.

"Kai ne na rediyo?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Na shanye maganin. Ina dai roƙon gwajin nan."

"Ba ka ce ka samu sauƙi ba? In rage burodi ya karɓe ka, ka bar shi mana. Mene ne na wahalar da kanka?"

Hambali ya dubi ƙasa. Can ya ce, "Likita, ba cikina kaɗai ke ciwo ba. An ce matata ke ba ni sammu. In na ce ba ita ba ce, sai a ce ai ta shanye ni. Bakina ba ya wanke ta. In an gwada, ko mene ne a gani."

Likita ya daɗe yana kallonsa. Ya ce a ɗebi jininsa a aika babban asibiti, tun da su ba su da na'urar. Da sakamako ya dawo, ya ce, "Ka gani, Malam? Babu komai. Na faɗa maka."

Hambali ya yi godiya ya miƙe. Har ya kai bakin ƙofa, sai ya juyo. Ya ce, "Likita, akwai abin da ban faɗa ba, ban sani ba ko yana da amfani. Ni fa ba rage alkama na yi ba, yanke ta na yi gaba ɗaya, tun kafin kaka. Da za a ɗebi jinin ma na ƙara kiyayewa. Na ɗauka gara in zo da cikina a wanke."

Ku saurara, nan ne gaɓar. Likita Munzali ya ajiye biro, ya dafe goshi. Ya ce, "Zauna. Ni ya kamata in tambaye ka tun farko. Gwajin nan sawun faɗa yake nema, faɗan da jiki ke yi da alkama. In ba alkama a ciki, ba faɗa, ba sawu. Ko kana da cutar, jinin zai fito fes."

"To yaya za a yi?"

"Sai ka koma ci, kullum ba fashi, wajen wata ɗaya da rabi ko biyu, sannan a sake. Za ka sha wuya. In ta yi tsanani ka zo in duba ka, kada ka zauna a gida. Kuma ban ɓoye maka ba, har yanzu ban yarda ita ce ba."

Hambali ya ce, "Na ji. Zan ci."

Da ya faɗa wa maƙwabcin nan nasa mai gyaran keke, Isuhu, sai Isuhu ya ajiye sifana ya ce, "Kai wane irin mutum ne? Ka san abin da ke kashe ka, ka koma ka ci? Ka roƙi likitan ya ce wa Yaya cutar alkamar ce, shi ke nan. Wa zai sani? Ai taimako ne."

Hambali ya ce, "In na wanke Saude da ƙarya, ban wanke ta ba. Ran da ƙaryar ta fito, sai a ce har likita ta saye. Kuma in ba ita ba ce ke damuna, ni ma ina so in sani."

"To ka sayi burodin kanti, kada ka ƙara mata bakin jini."

"In na tsallake tata na sayi na wani, unguwa za ta ce ni ma na yarda."

Saboda haka kullum da hantsi sai ya zauna a dakalin ƙofar gidansa, inda kowa ke wucewa, ya ce a miƙo masa gurasar Saude da zafinta. Ya yi bisimilla, ya ci. Ya ci yau, ya ci gobe, ya ci jibi. Ciwon kuwa bai yi nawa ba. Ciki ya sake kumbura, ido ya faɗa, maƙera ta koma sai ya buɗe yau ya kasa gobe. Tabawa ta tare a gidan, tana shiga tana fita tana cewa, "Ga shi nan a gaban kowa, tana kashe shi yana miƙa mata hannu!"

Wata safiya Saude ta ƙi hura tanderu. Ta durƙusa a gabansa ta ce, "Malam, don Allah ka bari. Ka bar ni in tafi gidanmu, su faɗi abin da za su faɗa. Ni ba zan iya gasa abin da nake gani yana cin ka ba."

Ya ce, "In kika tafi yau, da sunan nan za ki tafi. Da shi za a kira 'ya'yanki ranar aurensu. Tashi ki hura wuta, Saude. Saura kaɗan."

Ta hura tana kuka. Ya ci.

Da lokaci ya cika aka sake ɗibar jini. Wannan karon sawun ya fito. Likita ya ce jini kaɗai bai isa a yanke hukunci ba, ya tura shi babban asibiti, aka zura masa wata siririyar na'ura ta baki, aka tsinko ɗan ƙanƙanin abu daga hanji aka duba. Ranar da za a faɗi sakamako, Hambali ya roƙi yayarsa ta raka shi, ya ce da Saude ita ma ta sa mayafi.

Likita Munzali ya miƙe tsaye ya ba shi hannu. Ya ce, "Malam Hambali, cutar alkamar ce. Na yi ta ce maka ba ta nan ƙasar, ashe nemanta ne ba mu yi. Daga yau kai da alkama har abada. Dawa, gero, masara, shinkafa, acca, duk naka ne. A ware maka tukunya da ludayi, kada garin fulawa ya taɓa abincinka."

Tabawa ta gyara zama. "Likita, ni fa a yi mini dalla-dalla. Wa ya sa masa?"

"Ba wanda ya sa masa, Baba. Ba a sa wa mutum ita a abinci, ba a ɗauka a wurin wani. Yawanci a jinin gida take, gado ake yi. Shi ya sa ma zan so a gwada 'ya'yansa, da duk wanda suke uwa ɗaya uba ɗaya. Ke ce yayarsa?"

Tabawa ta dubi ƙanenta, ta dubi hannuwanta. Can ta ce, da muryar da ba a san ta da ita ba, "Ashe daga gidanmu abin ya fito."

Da suka iso unguwa, Tabawa ba ta shiga gida ba. Ta kama hannun Saude, ta bi da ita gidajen da ta kai maganar, ɗaya bayan ɗaya. Duk inda suka yi sallama sai ta ce, "Abin da na faɗa a kan yarinyar nan, zato ne, ba gaskiya ba. Na ɗauki alhakinta, ku shaida ina neman gafararta." A gida na ƙarshe ta zauna a ƙasa tana kuka, Saude ce ta ɗaga ta.

To jama'a, ga abin da nake so mu ɗauka mu tafi da shi. Zato zunubi ne mai sauƙin ɗauka, mai wuyar saukewa. Mu duba gidajenmu. Sau nawa wani ya kwanta ciwo, kafin a kai shi asibiti an riga an nuna wadda ta yi masa? Matar ɗa, matar ƙane, tsohuwar maƙwabciya. Wa ya gani? Ba wanda ya gani. In ba ka sani ba, ka kame bakinka, ka je ka nemi sani.

In kuma kai ne marar lafiyar, ka yi irin ta Hambali. Likita mutum ne, yana gajiya, yana kuskure. Kada ka zage shi, kada kuma ka yi zuciya ka koma gida ka kwanta. Ka koma da ladabi, ka sake komawa. Ka faɗa masa duk abin da ka ci da abin da ka bari, ko da kana ganin ba shi da amfani. Wanda ke zargin alkama a jikinsa, ya je a gwada shi tun bai bar ta ba, kada ya sha wuya sau biyu.

Na ƙarshe kuma, ku maza da ke zaune a nan. Mutuncin matarka amana ce a wuyanka. Wannan bawan Allah ya saye shi da lafiyar jikinsa. Kai ba a ce ka yi haka ba. Abin da ake nema a wurinka, in an ambace ta da sharri a gabanka, ko da wanda ya goya ka ne ya faɗa, ka tambaye shi cikin ladabi ko ya gani da idonsa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare harsunanmu daga alhakin bayinsa.