Harsashi Biyu da Dorinar Tungar Kaiwa

Ku gyara zama, ku ajiye wayoyin nan, don labarin da zan ba ku sai kun yanke masa hukunci kafin kowa ya tashi.

A Tungar Kaiwa, can bakin gulbi, an yi wani tsohon maharbi, Sarkin Baka Mantau. Bindigarsa ta gado ce, mai baki ɗaya, ga nauyi kamar taɓarya. Lasisinta kuwa sunan ubansa Barmo ke jiki, mutumin da ya shekara talatin a ƙasa. Haka maharban yankin duka suke yi, a miƙa takardar mamaci a kanti a karɓo harsashi, babu mai tambaya. Kwatsam gwamnatin jiharsu ta kafa doka cewa ba a sayar wa kowa harsashi sai ya zo da ƙafarsa, ya dangwala yatsa a na'ura, an kwana uku ana binciken sunansa. Ran da Mantau ya je, mai kanti ya dubi takardar ya ce, "Baba, sai dai Barmo ya zo da kansa."

Maharba suka yi ta tayar da jijiyar wuya. Wasu suka ce dabara ce ta tattara sunayensu don a zo a kwashe bindigogi. Wasu suka ce ai ɓarayin daji ba a kanti suke saye ba, talaka kawai za a wahalar. 'Yan kaɗan suka saci jiki suka je suka dangwala. Mantau dai ya rantse yatsansa ba zai taɓa gilashin nan ba, kuma na san mutumin, in ya kafe ko jaki ya san da zamansa. Kafin damina ta yi nisa, ko harsashi ɗaya babu a jakarsa.

Wata safiya cikin marka ya shiga kwalekwale ya haye tsibiri neman saiwar magani. Ashe wata dorina ta haihu a cikin ciyawar wurin. Ta kifar da kwalekwalen, ta kama shi a ƙafa, da ƙyar ya ja jiki ya hau wata kanya. Mutane suka taru a gaɓa suna hango shi yana kaɗa hula. Ruwa kuma yana ta ƙaruwa. Tsofaffin masunta suka duba suka ce kafin magariba zai kai reshen da yake kai. Dorinar tana ta kewaya itacen, in ta nutse babu wanda ya san inda za ta ɓullo. Ni da nake ba ku labarin nan, har yau in na tuna gurnaninta sai tsikar jikina ta tashi.

'Ya'yansa uku ne. Jatau, babban, shi ya gaji harbi. Balaraba ungozoma ce a asibitin cikin gari. Dogara, autan, masunci ne.

Jatau ya hau babur ya tafi gari neman harsashi kamar zai tashi sama. Ya dangwala yatsa, sai na'ura ta fito da tsohon laifinsa: shekara tara da suka wuce ya fasa wa wani kai a kasuwa, ya yi wata shida a gidan yari. Ya roƙa, ya yi kuka, ya durƙusa, mai kanti ya ce shi ma yana tsoron a rufe shi. Sai Jatau ya kira ƙanwarsa.

Balaraba ta baro aiki ta zo da farin kayanta a jiki. Ita ce wadda uban ke tsokana da 'yar gwamnati, don babu katin da ba ta yanka ba, kuma ko ƙarar bindiga ta ji sai ta toshe kunne. Sunanta ya fito fes, amma saura kwana ukun jira. Ta wuce ofishin 'yan sanda ta faɗa wa sufeto komai, har da wanda zai yi harbin, ba ta ɓoye laifinsa ba. Sufeto ya ce, "Malama, akwai hanyar gaggawa, amma harsashi biyu ne kacal, kuma ke za ki sa hannu. In ɗaya ya sami mutum, ke za a kama, aikinki kuma ya tafi." Uban nata yana kan itacen da za a yi harbi kusa da shi, yayan nata kuma ta san zafin kansa. Ta karɓi biro ta sa hannu.

Suka iso gaɓa bayan la'asar, sufeton na biye da su. Ruwa ya riga ya taɓa ƙafar tsohon, hular ma ya daina kaɗawa. Daga gaɓa harsashi ba zai yi komai ba, dole a matsa kusa. Aka nemi mai tuƙi, masunta goma sha suka sunkuyar da kai, kuma ban ga laifinsu ba. Dogara bai taɓa harba bindiga ba, matarsa ga tsohon ciki, tana riƙe da rigarsa tana kuka. Ya ɓanɓare hannunta a hankali, ya tura kwalekwalensa ya ce, "Yaya, shiga." Ya bi ta inda iska ba za ta kai wa dabbar warinsu ba. Da ta ɓullo ta bangaji gindin jirgin har ruwa ya fara shiga, bai yi tsalle ba. Ya kafa gora a laka, ya danne ta da ƙirjinsa, ya tsayar da kwalekwalen cak.

Jatau ya ɗaga bindigar ubansa ya harba na farko, ya goge ta a wuya, sai ma ya ƙara harzuƙa ta. Ta nutse. Ya ɗura na biyu, ya san in ya kuskure su uku za a nema a gulbi gobe. Mutumin da kowa ya sani da gaggawa, ranar sai ya jira. Ta taso, bai harba ba. Ta wangame baki har yana jin hucinta a fuska, sannan ya danna kunama. Dorina ta juye, ruwa ya yi ja.

Suka sauko da tsohon a sume. Ya rayu, amma likita ya yanke ƙafar daga gwiwa, farauta ta ƙare masa. Sufeton ya zo duba shi ya ce, "Baba, bindigar nan ba za ta ƙara zama da sunan mamaci ba. Cikin mako ɗaya a rubuta ta da sunan mutum guda, ko a karɓe ta. In Jatau ka zaɓa, ni da idona na ga abin da ya yi, zan tsaya masa."

Mantau ya dubi 'ya'yan nan uku a gefen gadonsa, sai hawaye. Ya juya fuska bango ya ce shi ba zai iya ba, a kai maganar gaban jama'a.

To, ga ta a gabanku. Ba don Balaraba ba, da babu harsashi. Ba don Dogara ba, da harsashin bai kai ko'ina ba. Ba don Jatau ba, da gawa uku aka tsamo. Sunan wa za ku sa a rubuta a takardar bindigar nan?