Hoton Sarki Nomau

An yi wani sarki a Birnin Tsamiya, sunansa Nomau, wanda in ya yi tari fada kan yi tsit. Ya ji labarin Jatau mai zane, wanda ba ya zana mutum ko dabba, sai launi tsagwaronsa. Ya sa aka kirawo shi, ya ce ya zana shi.

Jatau ya yi kwana arba'in yana zuwa fada yana kallo, bai taɓa fenti ba. Sannan ya shimfiɗa ƙyalle a ƙasa, ya kwara baƙi a tsakiya, ya murza da tafin hannu, ya yarfa 'yan ɗigon rawaya a gefe.

Sarki ya duba, ba rawani, ba gemu. Ya ji kamar an zage shi a bainar jama'a. Ya ce a yanke hannun da ya yi wannan aika-aika.

Waziri Cindo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, kafin hauni mai yankan ya iso, ka yarda in ba ka labarin Barau attajiri."

Sarki ya ce, "Gaggauta."

Waziri ya ce:

Barau mutum ne mai zafin rai. Ya sa a zana shi, aka fito da shi yadda yake, da tumbinsa da harararsa, ya lakaɗa wa mai zanen duka. Na biyu ya zana shi santalele, ya sha kyauta, aka rataya hoton a zaure. Duk baƙon da ya shigo sai ya ce, "Alhaji, wannan kyakkyawan ɗan wane gida ne?"

Barau ya kai wa uwarsa kuka. Tsohuwa ta ce, "Zauna ka ji abin da ya faru tsakanin kura da hawainiya.

"Kura ta tare hawainiya ta ce, 'An ce kin san launi. Faɗa mini kamannina.' Hawainiya ta daskare a kan reshe, ta koma fara fat. Kura ta ce, 'Magana nake jira!' Hawainiya ta ce, 'Ai na gama, ranki ya daɗe. Kowa ya gan ki haka yake komawa.'

"Kai ma, ɗan nan, bar kallon bango. Ka dubi fuskar iyalinka in ka yi sallama."

Waziri ya ce, "Iyakar labarin ke nan. Mai sassaƙa sanda ma ya iya zana gemu. Jatau kuwa kwana arba'in ya yi yana kallonmu."

Sarki ya daɗe yana duban ƙyallen. Ya juya ga Jatau ya ce, "Ina nake a ciki?"

"Kai ne baƙin, ranka ya daɗe."

"Ɗigon nan da suka manne a gefe fa?"

"Fadawanka ne, ran da ka yi atishawa."

Sarki ya ɗaga kai, ya ga kowa ya lafe a jikin bango. Abin ya sosa masa rai, don shi a zatonsa ladabi ne. Ya sa aka ba Jatau riga da doki, ya ce, "Waziri, na ji, na kuma karɓa. Sarautar tsoro ba sarauta ba ce. Daga yau duk wanda aka kama yana tsorona, bulala ashirin!"

Fadawa suka ce, "Godiya muke," murya na rawa.