Bangon Ƙasa da Aka Sa wa Rigar Siminti

Akwai wani mutum a wata unguwa cikin birni, mu kira shi Habila. Mahaifinsa magini ne, shi ya jagoranci mutanen unguwa suka gina zauren taro da hannuwansu. Da jar ƙasar bayan unguwa suka yi tubali, suka yi rufin soro da azara, suka kafa indararo don ruwan sama ya riƙa zuba nesa da bango. Zaure ne mai sanyi. Da bazara, lokacin da rufin kwano yake gasa mutane a ɗakunansu, a nan mata suke koyon karatu da ɗinki, a nan ake kawo jarirai awo, a nan tsofaffi suke miƙe ƙafa. Da uban ya rasu, sai aka damƙa wa Habila makulli.

Amma ginin ƙasa yana da tasa doka. Kowace shekara kafin damina sai an yi gayya. Maza su kwaɓa ƙasa da ciyawa, mata su ɗebo ruwa, a toshe kowace tsaga, a yi sabon yaɓe. To, kun san halin birni. Wannan ya tafi kasuwa, wancan yana wurin aiki, wani kuma sai ranar gayya ciwon bayansa yake tashi. Habila yakan bi gida gida yana roƙo, har wata shekara mutum bakwai kacal suka fito. Ga kuma gidajen bulo sun kewaye zauren, masu wucewa suna cewa, "Har yanzu kuna fama da ginin ƙauye?" Maganar ta yi masa zafi ƙwarai, gama aikin hannun ubansa ake yi wa dariya.

Sai ya yi shawara a ransa zai shafe bangon duka da siminti, a huta. Wani tsohon magini, Baba Dogara, abokin aikin mahaifinsa, ya ji labari ya zo yana dogara sanda.

Ya ce, "Ɗana, bangon ƙasa numfashi yake yi. Ruwa ya taɓa shi, rana ta fito, ya bushe. In ka rufe shi da siminti, ruwan da ya samu ya shiga ba shi da hanyar fita."

Habila ya ce, "Baba, na gaji da roƙon mutane. So nake in hutar da kowa."

Kada ku yi saurin ganin laifinsa. Ba mugunta ce ta sa shi ba, gajiya ce da kunya, kuma wane ne a cikinmu bai san su ba? Aka shafe bango, aka yi masa farin fenti, zaure ya yi fes. Kowa ya zo sai ya ce, "Kai, Malam Habila, ka fitar da mu kunya!" Damina uku ba a yi gayya ba, ba wanda ya tuna da ita.

A shekara ta huɗu, Habila ya ga wata 'yar tsaga kamar zare a ƙarƙashin indararon gabas, inda ruwa yake dukan bango. Ya ƙwanƙwasa wurin, ya ji yana amo kamar ƙwarya da ba kome ciki. Ya duba hagu da dama, ya ɗauko ɗan siminti ya liƙe, ya bi da fenti, bai faɗa wa kowa ba, ko matarsa.

Damina ta sake kewayowa. Wata safiya bayan an yi ruwa, ranar awon jarirai, ya shiga zauren don ya yi shara, mata suna jira a waje da goyo. Sai ya ji warin laima. Ya danna bangon gabas da babban yatsa, yatsa ya nutse. Ya ɗaga kai ya dubi azara da nauyin ƙasar rufi da suke ɗauke da shi, duk a kan wannan bango suke zaune. Allah sarki, Habila! In ya yi shiru ya buɗe ƙofa, sunansa yana nan da kyau, wataƙila ma rufin ya kai wata shekara. Wataƙila kuma ba zai kai azahar ba. In ya yi magana, unguwa duka za ta san shi ya lalata ginin ubansa.

Wata daga cikin matan, Saraya, ta leƙo ta ce, "Malam Habila, lafiya? Mu shigo? Rana tana yi."

Ya fito ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce, "Ku yi haƙuri, ba mai shiga yau. Bangon nan ya ruɓe ta ciki, kuma ni na jawo. Tun bara na gani, na ɓoye."

Aka kira Baba Dogara. Habila ya sunkuyar da kai yana jiran ya ji, "Ai na faɗa maka." Tsohon bai faɗa ba. Ya kara kunnensa a bango, ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, sa'an nan ya ce, "A tokare azara da itace, a kawo guduma. Ɗana, kai za ka fara bugu. Ginin bai mutu ba."

Siminti ya riƙa ɓallewa falle falle, ga ƙasa jiƙe sharkaf a bayansa, ga gara. Sai da aka rushe kusurwar gabas aka sake gina ta da sabon tubali. Abin mamaki, mutanen da a baya Habila ya sha roƙo suna ƙin zuwa, da suka ga bangon a buɗe sai suka fito, har mai ciwon baya. Zauren yana nan tsaye da launin ƙasarsa, ana kuma ganin tabon gyaran daga bakin hanya.

Ma'anar wannan misali ita ce, bangon ƙasa ni ne, kai ne, ke ce. Daga ƙasa Allah ya yi mu, bai kuwa ji kunyar haka ba. Ruwan sama shi ne gwaji da zunubi da baƙin ciki, ba wanda ba sa duka. Gayya ita ce tuba da addu'a da zumunci, inda muke barin 'yan'uwa su ga tsagarmu su sa hannu. Siminti da fenti kuwa su ne "lafiya lau" da muke amsawa a ƙofar majami'a da kyakkyawar riga, alhali fushi ko shaye-shaye ko rashin gafara yana cin mu ta ciki. Kuma ba mu kaɗai ba ne a ƙarƙashin rufin, akwai 'ya'yanmu da duk waɗanda suka dogara da mu.

Na san ɓoyewa ta fi sauƙi, ni ma na taɓa riƙe gwangwanin fenti. Amma Ubangiji ba ya zuwa da gori, da gyara yake zuwa. In ka koma gida yau, ka ƙwanƙwasa zuciyarka ka saurara. In ka ji wannan amo, kada ka jira damina. Ka tsaya a bakin ƙofa ka faɗi gaskiya, tun rufin yana sama.