Mai Kula da Burauza da Ya Ƙi Sauke Nauyi

Akwai wani mutum, malamin makaranta, wanda yake cikin wata jama'a masu gina tsarin da ke tafiyar da kwamfuta. Ba sa sayar da shi. Duk mai so ya ɗauka kyauta, duk wanda ya iya ya kawo gyara. Sun raba aikin a tsakaninsu, rabon mutumin nan kuwa shi ne burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita.

Aikin ba ya ƙarewa, gama ɓarayi kullum suna neman kafar da za su bi su shiga kwamfutocin mutane. In aka gano kafa, maƙeran burauzar sai su fitar da gyara. Shi kuwa ya ɗauko, ya daidaita shi da tsarinsu, ya gwada a tsohuwar kwamfutarsa mai nishi kamar jaki da kaya, sa'an nan ya sakar wa jama'a. Sunansa na rubuce a kan aikin, yana kuwa jin daɗin haka ƙwarai.

Ana nan sai tsufa ya kwantar da mahaifiyarsa. Ya kwashe iyalinsa suka koma ƙauye jinya, inda ba a samun sabis ɗin intanet sai an hau dutse. Gyara ya yi ta fitowa, bai ɗauko ba. Kafofi suka zauna a buɗe, mutane kuwa suna ta shiga intanet hankali kwance, don sun ga sunansa.

To, jama'ar nan suna da al'ada. Wanda aiki ya fi ƙarfinsa yakan faɗa a fili cewa ya sauke, sai a kira aikin maraya, wani ya ɗauka. Amma muddin sunan mutum yana kai, ba mai taɓawa, don girmamawa. Mutuminmu ya san wannan sarai. Kullum sai ya ce, “Mako mai zuwa.”

Ran nan matarsa ta same shi yana wanke wa tsohuwa ƙafa. Ta ce, “Baban Habila, wannan aikin da ke hannunka yanzu ba mai yi maka shi. Wancan kuwa akwai masu yi, kai ka tare musu hanya. Sunanka ne zai kori ɓarawo?”

Maganar ta yi masa zafi, don gaskiya ce. Kashegari ya hau dutsen, ya sanar wa jama'a ya sauke. Nan take wata mata daga wata ƙasa mai nisa ta ɗauka, ta fara toshe kafofin. Ta kuma tambaye shi yadda yake sa burauzar ta yi aiki a tsofaffin kwamfutoci, ya koya mata duka, bai rage kome ba. Ya sauko daga dutsen da sauƙin zuciya, ya ci tuwonsa har da ƙari.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, aikin da ke hannunka a gidan Ubangiji amana ce, ba gadon gidanku ba ne. Burauzar ita ce hidimarka: ajin yara, ƙungiyar mawaƙa, ziyarar marasa lafiya. Masu shiga intanet hankali kwance su ne waɗanda suka dogara gare ka, suna tsammani kana nan a bakin aiki.

Gajiya ba zunubi ba ce, jinyar iyaye kuma hidima ce mai daraja. Abin da ke ba ni baƙin ciki shi ne mai riƙe matsayi da ya daina aikin, ya kuma hana wani yi. Mun iya wannan, har da gyaran murya a taron dattawa! A ikilisiyar nan akwai marar lafiyan da ba a leƙa shi ba, domin kowa yana cewa ai akwai mai zuwa. In kai ne ake tsammani kana zuwa, ka faɗa mana yau kafin a tashi, mu aiki wani.