Sau Huɗu Mato Ya Buɗe Littafin

Akwai wani mutum, Mato sunansa, da ya yi zama a wani ƙauyen Hausawa kusa da Kamlin, can ƙasar Sudan, wajen shekara ta 1960 da 'yan kai. Ku yi haƙuri in kuka ji muryata ta hau, don abin da ya yi har yau mutanenmu suna yin sa, kuma yana ci mini rai.

Mato Kirista ne, mutumin ƙasar Kano. Yawancin mutanen ƙauyen hanyar Makka ce ta kawo iyayensu suka zauna. Shi kuwa aikin auduga ne ya kawo shi, shi da matarsa Hannatu. A duk ƙauyen gidansu kaɗai ne na masu bi. Babu fasto, babu majami'a sai ka yi tafiya mai nisa, in ka je ma da Larabci ake yi.

Abin da suke da shi Littafi Mai Tsarki ne guda ɗaya na Hausa, bangonsa duk ya sha ɗinki. Mato ya iya karatu. Hannatu ba ta iya ba, amma abin da aka karanta mata sau ɗaya ya zauna ke nan.

Malamin bisharar da ya koya wa Mato karatu a gida ya ja masa kunne ranar da za su taso. Ya ce, "Inda za ka babu mai yi maka fassara. Kafin ka buɗe, ka roƙi Ruhu Mai Tsarki ya buɗe maka kai. In ka karanta, ka duba sama da ƙasa, ka san da wa ake magana."

Da farko haka yake yi. Da shekaru suka ja, sai Mato ya ƙirƙiro wata gajeriyar hanya tasa. Ya rufe ido, ya buɗe Littafin ko'ina, ya dangwala yatsa, inda ya faɗa ya ce maganar Allah ke nan gare shi yau. Addu'ar ma ya daina. Wai shi ya gama sanin hanya.

Abincinsu kuwa gona ɗaya ce. Wata tsohuwa, Iya Kulu, mijinta ya rasu ya bar mata hawasha, wato gonar auduga ta ban ruwa. Ta ba Mato ya noma, in an tsince su raba biyu. Mutane sun yi mata surutu, ga 'yan'uwa Musulmi ta tsallake ta ba baƙo. Ta ce ta ga aikin hannunsa, ya ishe ta. Sharaɗinta ɗaya ne: in audugar ta lalace ta dalilinsa, ya sauka daga gonar, don ita ma hukumar noma ba za ta raga mata ba.

To, a can ruwa bi da bi ne. Magudana ɗaya ce, ana ce mata abu ishirin, take shayar da jerin gonaki, kowace gona sau ɗaya a sati biyu. In ranarka ta wuce, ta wuce.

Wata Lahadi ce ranar ruwan Mato. Damina ta ɗauke, auduga tana tsakiyar fure, ƙasa ta tsattsage har hannu yana shiga. Ya iso da hantsi, ya tarar an toshe bakin gonarsa da laka. Ruwansa, nasa na kansa, yana gangarawa gonar maƙwabcinsa Maliki. Ga Malikin nan tsaye cikin ruwa har gwiwa, ko kunya babu.

Mato ya ce, "Maliki! Wane ne ya toshe mini baki?"

Maliki ya ce, "Ni. Ma'alesh, ya zol, yi haƙuri, mutumina. Tawa ta fi taka ƙishi. Bari har azahar."

"Yau ranar wa?"

"Ruwan na ubanka ne?"

Mato ya sunkuya zai yaye lakar. Maliki, ƙato ne mai ƙirji kamar ƙofa, ya tako ya tsaya a kai. Ya ce, "Taɓa ka gani. Baƙo da kai, an rufa maka asiri, har ka samu bakin magana?"

Gaskiya a faɗe ta, Maliki ya yi zalunci. Ni ma da ni ne, da raina ya ɓaci. Ba fushin Mato nake zargi ba. Inda ya kai fushin ne matsalar.

Ya koma gida yana huci, ya fizgo Littafin daga cikin akwati. Hannatu tana bakin murhu tana tuƙa tuwo. Ya gaya mata abin da ya faru cikin kalmomi uku, biyu a ciki zagi ne.

Ta ce, "Maigida, ka sha ruwa tukuna. Ka yi addu'a?"

Ya ce, "Allah ya ga abin da aka yi mini. Ba sai na ba shi labari ba."

Ya rufe ido, ya buɗe, ya dangwala. Ya karanta a fili, kamar yadda ya saba. Wurin yana magana ne a kan wanda ɗan'uwansa ya yi wa laifi, ya je ya same shi su biyu kaɗai ya nuna masa. Mato ya yi tsaki. Ya ce iska ce ta juya shafin.

Ya sake. Wannan karon jerin sunayen kakanni ne, wane ya haifi wane. Ya ce wannan ba ya cikin lissafi.

Ya sake na uku. Gargaɗi ne a kan mai saurin fushi da irin wautar da yake aikatawa. Ya rufe Littafin da ƙarfi har ƙura ta tashi. Ya ce yatsansa ne ya zame.

Kun ji fa! Iska, yatsa, komai yana da laifi ban da Mato.

A na huɗu bai rufe idon sosai ba. Ya lallaɓa ya kama wajen farko, inda ya san labaran yaƙe-yaƙe suke. Yatsan ya sauka a kan wani yaƙi na zamanin sarakuna, inda aka toshe wa abokan gaba maɓuɓɓugan ruwa, aka lalata musu gonaki. Mato ya miƙe tsaye.

Ya ce, "Ga ta! Allah ya yi magana!"

Hannatu ta ajiye muciya. Ta ce, "Karanta mini abin da ke sama da shi. Da wa ake? Akwai Maliki a ciki?"

"Ke da ba ki san baƙi ko ɗaya ba, ke za ki koya mini Littafi?"

Maganar ta soke ta, amma ba ta ja da baya ba. Ta ce, "Ban iya karatu ba, na iya ƙirga. Sau huɗu ka buɗe. Sau biyu an gaya maka gaskiya ka ƙi. Ba muryar Allah kake nema ba, Mato, wanda zai ce maka to kake nema. In fushi ne, ɗauki fushinka ka tafi da shi, ka bar Littafin nan ya huta."

Tun da suka yi aure ba ta taɓa kama sunansa ba sai ranar. Ko wannan bai tsayar da shi ba. Ya saɓa fartanya ya fita.

Rana ta take tsaka, kowa ya bar gona ya nemi inuwa. Mato ya bi ta gefen magudana har saitin gonar Maliki. Gonar ta riga ta sha ta ƙoshi, kuma ya sani sarai auduga ba ta son ruwa ya kwana a gindinta. Ya ɗaga fartanya ya sari gaɓar abu ishirin. Sara biyar, shida, ruwa ya ɓalle.

Niyyarsa ya bar shi kaɗan, gonar ta cika, ya toshe. Amma baƙar ƙasar nan in ta jiƙe ba ta da riƙo. Ramin da ya yi kamu ɗaya ya zama taku biyu, ya zama taku biyar. Gaɓar ta riƙa zubewa da kanta. Ya faɗa ciki yana tura laka da hannu, da ƙirji, ruwan yana wanke ta kamar wasa. Ruwan ya cinye gonar Maliki, ya tsallaka hanya, ya shiga ta gaba.

Mato ya fito da gudu ya nufi gida, laka har wuya, don ya ɗebo buhuna.

A ƙofar gidansa ya tarar da mutum zaune a kan tabarma, Hannatu ta ajiye masa ruwa a ƙwarya. Maliki ne. Ta cikin gari ya biyo, shi ya sa ba su haɗu ba.

Maliki ya miƙe ya ce, "Maƙwabcina, daga masallaci nike. Na yi azahar, zuciyata ta ƙi kwanciya. Na cuce ka, kuma na gaya maka maganar da ba ta dace ba. Taho mu tafi in buɗe maka da hannuna. Ranar Laraba ruwana ne, na bar maka shi duka."

Sai a lokacin ya lura da lakar. Ya dubi fartanyar, ya dubi fuskar Mato. Ya ce, "Mi ya faru?"

Mato ya sunkuyar da kai ya ce, "Na fasa gaɓar abu ishirin."

Kwana shida aka rufe ruwa daga sama ana gyaran gaɓar. Gonaki tara suka rasa bi. Audugar Maliki ta kwana uku cikin ruwa ta yi rawaya. Ta Mato kuwa, wadda dama ƙishi ya gama da ita, ta zubar da fure tas, sai kara tsaye.

Iya Kulu ta sa aka kira shi ƙofar gidanta, a gaban masu gonakin duka.

Ta ce, "Ɗan nan, na tsaya maka gaban mutanen ga lokacin da kowa ke cewa kada in yi. Na ce mai karanta littafin Allah kullum safe ba ya ɓarna. An ce mini ma sai da ka buɗe shi kana ka fita. To gaya mini, ina son in ji da kunnena. Littafinku ne ya ce ka yi haka?"

Hannatu tana tsaye can baya, ta rufe baki da gyale. Mato ya ga in ya ce e, ya ɗan rage wa kansa nauyi, amma ya shafa wa Littafin baƙin da ba zai goge ba a ƙauyen nan.

Ya ce, "A'a, Iya. Ya hana ni. Ni ne na yi ta juya shi har na samu abin da nake so."

Iya Kulu ta dube shi. Ta ce, "Ka faɗi gaskiya, Allah ya ba ka ladanta. Amma gonata ka sauka."

A watan tsinka, Mato da Hannatu suna cikin layin 'yan ƙodago, buhu ɗaure a ƙugu, suna tsince audugar wasu.

Darasi: Littafi Mai Tsarki ba wurin duba ba ne, kuma ba sandar da za ka ɗauko ka rama da ita ba ce. Wanda ya buɗe shi da hukunci a zuciya zai samu ayar da za ta yi kama da goyon baya, ita ce kuma za ta kai shi ƙasa. Kafin ka karanta, ka tsaya ka roƙi Ruhu Mai Tsarki ya bishe ka. Ka karanta abin da ke gaba da abin da ke baya. In maganar ta yi maka zafi, kada ka juya shafi, wataƙila kai ake nufi. Ku tura wa 'yan'uwa wannan, musamman wanda kuka san yana cikin fushi yau.