Jirgin Kamilu Mai Layi Ɗaya

Kamilu injiniya ne matashi, mazaunin Hotoro a Kano, mai kaifin basira da ƙwarewar hannu. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: idan ya yanke shawara, duk wanda ya ja da shi jahili ne a idonsa.

Kawunsa, Malam Alhassan, shi ne shugaban sashen kula da gine-gine a wata masana'antar jimar fatu da ke Challawa. Tun yana saurayi yake aiki a wurin, saura kaɗan ya yi ritaya da mutuncinsa. Masana'antar tana neman hanyar duba rufinta da bututun hayaƙinta ba tare da an ɗora mutum a kan tsani ba. Malam Alhassan ya tsaya wa ɗan ƙanwarsa a gaban manaja, ya ce Kamilu zai haɗa ƙaramin jirgi marar matuƙi da za a sarrafa daga ofis ta intanet ɗin waya.

Manaja ya ce, "Malam, ban san yaron ba, ku na sani. In abin ya ɓaci, a wuyanku yake."

Da aka zo zaɓen 'yar kwamfutar da za a ɗora a jikin jirgin, guda biyu ne a gaban Kamilu. Ta farko tana da sauri, tana aiko da hoto tangaran, amma layin waya ɗaya take ɗauka. Ta biyu hotonta dishi-dishi ne, sai dai tana ɗaukar layi biyu na kamfanoni daban-daban, kuma an shirya ta ta mayar da jirgi inda ya tashi idan sabis ya yanke.

Abokin aikinsa Muhammad Nazir, wanda suka yi karatu tare, ya ce, "Ɗauki ta biyu. Jirgi muke haɗawa, ba hoton biki za mu ɗauka ba."

Kamilu ya yi dariya. "Kai tun muna makaranta matsoraci ne. In nuna wa manaja hoto kamar na tsohon talabijin ɗin Gwaggo?"

"In sabis ya ɗauke fa?"

"A cikin Kano? Haba, Malam Tsoro."

Ya ɗauki ta farko. Ya yi gwaji ranar Lahadi, masana'antu a rufe, tituna fayau. Jirgi ya tashi, ya zagaya, ya sauka lafiya. Muhammad Nazir ya roƙe shi su maimaita gwajin a ranar aiki. Kamilu ya ce wanda ya ci jarrabawa ba ya sake zama.

Manaja ya sa ranar nuni Litinin, bayan la'asar. Wannan kuwa shi ne lokacin canjin ma'aikata. Masu fita daga dukkan masana'antun layin suka cika titi, kowa ya kunna wayarsa, wannan yana kiran gida Jigawa, wancan yana neman mai a-daidaita-sahu. Sabis ya cushe. Jirgi yana saman rufi hoton ya tsaya cak. Kamilu ya danna, ya sake dannawa, babu amsa. Babu layi na biyu, babu umarnin komawa. Iska ta ja jirgin har ya faɗa kan wayoyin taransfoma.

Wuta ta ɗauke, taransfoma ta ƙone. Gangunan jima suka tsaya da fatu a cikin sinadari, kafin a samu mafita fatun sun lalace.

A makon aka sallami Malam Alhassan, ba walima, ba takardar yabo. Kamilu ya je gidansa ya durƙusa.

"Kawu, ku yafe mini. Sabis ne ya ci amanata."

Tsohon ya ce, "Sabis bai yi mini alkawari ba, Kamilu. Kai ka yi. An gaya maka haka na iya faruwa?"

"An gaya mini."

"To, tashi ka je. Na yafe, amma ba ni da sauran sunan da zan ara maka."

Har yau babu masana'antar da ta sake kiran Kamilu, daga Sharaɗa har Bompai. Malam Alhassan kuwa ya daina bin hanyar Challawa.

Darasin a fili yake. Ba a zaɓar kayan aiki don kyan da za su nuna a ranar sauƙi, ana zaɓarsu ne don abin da za su yi a ranar da komai ya ƙi. Wanda ya raina gargaɗi kuma ya sani cewa ba shi kaɗai zai faɗi ba. Wanda ya tsaya masa shi zai fara kaiwa ƙasa, kuma neman gafara ba ya mayar wa dattijo mutuncin da ya tara tsawon rayuwarsa.